Babi na Shida: Maɓallan da Ke Gaban Sakatare

Duk manhajar imel da aka girka a kwamfuta tana zuwa da jeren maɓallai a samanta: na karɓo saƙo, na rubuta sabo, na mayar da amsa, na gogewa. Waɗanda suka jera su sun yi ne da wani irin ma'aikaci a ransu, mutumin da yake da kwamfutarsa shi kaɗai, ba a ɗauke masa wuta, intanet kuma ba ya yanke masa tun safe har ya tashi aiki. Sakataren da ke zaune a ofis a Tibiri ba shi ne wannan mutumin ba. Kwamfutar da ke gabansa hannu uku ko huɗu ke taɓa ta, kuran yana zuwa yana tafiya, rezo kuwa wani lokaci sai an ɗora waya a bakin taga an jona ta da kwamfutar. Duk da haka maɓallan suna nan yadda aka jero su daga Amurka, kuma da wuya ka samu wanda ya taɓa gusar da ko ɗaya.

Tibirin da nake magana a kai ita ce ta ƙasar Arewa, cikin jihar Dosso a Nijar, ba Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi ba. Har zuwa 2011 ƙarƙashin Dogon Dutsi take. A shekarar ce gwamnati ta ƙirƙiro sababbin gundumomi, Tibiri ta samu tata da ƙananan hukumomi huɗu: ita kanta Tibiri, da Dumega, da Gesheme, da Kore Mai Ruwa wadda babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni ta ratsa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum wajen 270,000 a gundumar. Gari in ya zama gunduma, ofisoshi ne ke biyo baya: na farfe, na lafiya, na ilimi, na noma da kiwo, kowanne da rahoton da Dosso take jira, ita kuma Dosso Yamai na jiran ta.

Gaskiya ne WhatsApp ya cinye yawancin zancen yau da kullum. Shugaba zai aiko saƙon murya, a ɗauki hoton takarda a tura masa, shi ke nan. Amma rahoton ƙarshen wata, da lissafin kuɗin poroje, da takardar kiran taro mai lamba da hatimi, har gobe imel ne hanyarsu, domin shi ke barin shaida: wa ya aiko, yaushe, wa aka saka a kwafi. Garuruwan da suka ƙulla ƙawance da na waje, irin Dogon Dutsi da Orsay ko Dankasari da Cesson-Sévigné a Faransa, sun san yawan rubuce-rubucen da irin wannan hulɗa take ci.

Masu buɗe Gmail ko Yahoo a shafin intanet sun san abin da ke faruwa in rezo ya faɗi: shafi ya tsaya cik, mutum ya naɗe hannu. Manhajar da aka girka a cikin kwamfuta, Thunderbird ko Outlook, takan kwaso saƙonnin ta ajiye a cikin injin. Ka karanta babu rezo, ka rubuta amsa goma babu rezo, in ya dawo su fita gaba ɗaya cikin minti biyu. Wannan ne babban dalilin da zai sa ma'aikacin Arewa ya riƙe irin wannan manhaja. Abin takaici, umarnan da ke yin wannan aikin su ne aka fi tura wa can ƙuryar jerin zaɓi, saboda a inda aka ƙera manhajar ba kowa ke buƙatar su ba.

Me ya sa ba a taɓa su

Ba a Arewa kaɗai mutane suke barin maɓallai yadda suka same su ba. Kamfanin Microsoft ya taɓa auna abin. Word na 2003 ya kai jeren maɓallai 31 da umarni sama da 1,500, kuma kowane jere ana iya rushe shi a sake gini. Jensen Harris, wanda yake cikin jagororin tsara fuskar Office na 2007, ya bayyana a 2006 cewa alƙaluman da suka tattara sun nuna ko kashi 2 cikin 100 na lokutan da aka buɗe manhajar ba su kai ba waɗanda aka samu an canja jeren. A cikin ƴan kaɗan ɗin ma, mafi yawa maɓalli huɗu ko ƙasa da haka aka taɓa. Kafin nan, a Office na 2000, kamfanin ya gwada wata dabara: manhaja ta riƙa lura da abin da ka fi dannawa, ta ɓoye sauran da kanta. Mutane suka rikice, domin abin da suka gani jiya a layi na uku yau ya koma na biyar ko ya ɓace. Daga baya aka yi watsi da dabarar. Hannu wuri yake haddacewa, ba suna ba. In aka gusar masa da abu ba da saninsa ba, sai ya koma ɗan koyo.

Binciken da ya fi kama da abin da muke gani a ofisoshinmu shi ne na Wendy Mackay, wadda ta bi ma'aikata 51 a jami'ar MIT ta Amurka, ta fitar da sakamakon a 1990 da 1991. Ta gano cewa mutane ba su cika gyara manhaja don sha'awa ba. Sukan gyara ne in wani abu ya tilasta musu, musamman in sabon zubi ya zo ya birkita abin da suka saba, sai su yi ta ƙoƙarin mayar da shi kamar na da. Ta kuma gano cewa da yawansu ba da kansu suke yi ba, aro suke daga abokin aiki, kuma a kowane rukuni akan samu wani da ya zama shi ne mai gyara wa kowa. Duk wanda ya shiga ofisoshin Dogon Dutsi ko Tibiri ya san wannan mutumin. Galibi matashi ne mai bautar ƙasa ko ɗan koyon aiki, wanda ake ƙwala wa kira in injin buga takarda ya ƙi. Da shi nake magana a babin nan fiye da kowa, domin abin da ya jera wasu ne za su zauna da shi bayan ya tafi.

Ka tsaya wurin mai shayi a tashar Kore Mai Ruwa ka dubi teburinsa. Gwangwanin madara da sukari da cokali suna daidai inda hannun dama yake sauka, ba ya duba su in zai ɗauka. Wuƙar yanka burodi tana gefe, kwanon canji yana ƙasa. Ba wanda ya zana masa, yawan maimaita aiki ne ya jera masa kaya. Masana ma sun auna wannan. Paul Fitts ya nuna a 1954 cewa lokacin da hannu ke ɗauka kafin ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da girmansa: ƙarami mai nisa ya fi cin lokaci, ya fi sa kuskure. Har yau da wannan ƙa'idar masu tsara fuskar kwamfuta suke aiki. Ka ƙara da tsohuwar kwamfutar cinya wadda ƙurar hunturu ta dushe wurin shafa yatsa, kibiya tana tsalle, za ka ga dalilin da ya sa maɓalli ɗan mitsitsi a kusurwa yake wahalar da mutum.

A cikin Thunderbird

Thunderbird kyauta ce, gidauniyar Mozilla ce ta fito da ita a Disamba 2004, shi ya sa ta dace da ofishin da ba shi da kuɗin lasisi. Daga zubi na 115 zuwa sama, jere guda ne a can ƙoli. Ka kai kibiya kan fili a jeren, ka danna gefen dama na linzami, ka zaɓi Personnaliser. Allo zai buɗe: a sama ga jeren yadda yake, a ƙasa ga dukan maɓallan da ake da su. Ka kama wanda kake so ka ja shi sama ka saki. Wanda ba ka so ka ja shi ƙasa. In ka gama ka danna Enregistrer. In abin ya cakuɗe maka, akwai maɓallin mayar da kome yadda ya zo, don haka babu abin tsoro.

Na farko daga hagu, a ganina, Relever ne, mai karɓo saƙo. Inda intanet ba ya yankewa, manhaja takan leƙa akwati da kanta lokaci-lokaci, mutum ba ya ma tunawa da maɓallin. A Tibiri kuwa in rezo ya kama, yanzu kake so a kwaso, ba bayan minti goma ba, domin ba ka san ko zai kai minti goman ba. Sai Écrire, sai Répondre, sai Transférer. Bayansu ka saka Imprimer, wanda ba ya cikin jeren asali. Ofisoshinmu har yanzu takarda suke ci: saƙo in ya zo daga Dosso sai an buga shi, an yi masa lamba a rajistar shigowa, an kai wa shugaba ya rubuta a gefe wanda zai bi shi. Aikin da ake yi sau ashirin a rana bai kamata a ce sai an shiga jerin zaɓi an nemo shi ba.

Akwai kuma maɓallin alamar launi, wanda a Faransanci ake ce wa étiquette. Manhajar tana zuwa da launi biyar da sunayensu, amma ana iya sake musu suna. A ofishin da akwati ɗaya ne na kowa, wannan babban taimako ne. Ja a sa masa “Shugaba”, shuɗi “Mai kuɗi”, kore “An amsa”. Wanda ya zo da rana ya ga abin da na safe ya gama, ba sai an amsa wa Dosso sau biyu ba, ko kowa ya zaci ɗan'uwansa ya amsa har wa'adi ya wuce.

Abu ɗaya da nake roƙon mai gyara kada ya ɓoye shi ne siririn layin da ke can ƙasan allo. Masu ƙaramin allo sukan cire shi don su samu fili, alhali a kusurwarsa ta hagu ne ƴar alamar da ke sauya manhajar tsakanin aiki da rezo da aiki babu rezo take. In ka danna ta ka fita daga rezo, maɓallin aikawa a tagar rubutu yakan koma Envoyer plus tard da kansa, saƙonni su taru a akwatin jira. In ka sake danna ta, manhajar ta tambaye ka ko a aika su. Wanda bai san wannan ba yakan danna aikawa, ya zauna yana kallon ɗan layi yana rarrafe, a ƙarshe a ce masa an kasa, wani ma ya rufe tagar da haushi ya rasa abin da ya rubuta. In fili kake nema, rage wani abin, ka bar wannan.

Akwai iyaka. Maɓallan da ke kan saƙon kansa in an buɗe shi, na amsa da turawa da ajiyewa da gogewa, ba sa gusawa daga inda aka dasa su. Abin da kawai za ka iya shi ne ka zaɓi ko hoto za su nuna, ko rubutu, ko duka biyu. Zaɓi duka biyu.

Harafin A

Kwamfutocin ofisoshin Nijar galibi allon rubutun Faransa gare su, wanda layinsa na sama ya fara da A, Z, E, R, T, Y. A cikin Thunderbird, haruffa da dama umarni ne in kibiya tana kan jerin saƙonni: A yana kwashe saƙo ya kai shi ma'ajiya, J yana yi masa tambarin shara. Ɗauki sakatariya da shugabanta yake tsaye a kanta yana jiran wata takarda. Ta zaci tana cikin gurbin bincike, ta fara rubuta “attestation”. Harafin farko kawai, saƙon da ke gabanta ya ɓace daga akwati. Ta ɗago ido.

“Ranka ya daɗe, wallahi yanzu take nan.”

Aka kira matashin. Ya leƙa ta kafaɗarta ya ce, “Hajiya, kada ki ƙara taɓa kome. Riƙe Ctrl ki danna Z, ga shi nan maƙwabcin A.”

Saƙo ya dawo. Ko da ba a yi haka ba, bai ɓata ba, yana cikin jakar Archives ƙarƙashin shekarar da aka aiko shi. Amma wanda bai sani ba zai kwana da tunanin ya goge takardar gwamnati, wani ma ya yi shiru ya ƙi faɗa, takardar ta kwanta can har a aiko tambaya daga sama. Jeren maɓallai ba zai hana yatsa faɗawa kan A ba, amma mai gyara zai iya yin abu biyu. Ya fito da layin jerin zaɓi na sama, mai Fichier da Édition, wanda manhajar take ɓoyewa tun farko. Da danna gefen dama a jeren ake samun sa. Ta haka kowa zai ga Annuler da idonsa ba sai ya haddace haruffa ba. Sannan ya bar jakar Archives a bayyane a gefen hagu, ya nuna wa kowa ita sau ɗaya.

A cikin Outlook

Ofisoshin poroje da ƙungiyoyin agaji sun fi amfani da Outlook. Nasa tsarin faffaɗan ƙyalle ne na maɓallai da ake kira ruban, wanda ya shigo Office a 2007, ya mamaye babbar tagar Outlook a 2010. A kan allon tsohuwar kwamfutar cinya mai 1366 da 768, ƙyallen yana cin fili mai yawa. Ctrl da F1 yana naɗe shi, yana kuma warware shi. A can samansa akwai ɗan gajeren jere, barre d'outils Accès rapide, wanda ba ya ɓacewa ko da an naɗe ƙyallen. Duk maɓallin da ka danna wa gefen dama za a ba ka zaɓin tura shi can. Mai aikawa da karɓa, wanda F9 ma yake yi, yana nan tun asali. Ka shiga shafin Envoi/réception ka ɗauko mai aiki babu rezo ka ajiye kusa da shi, ka ƙara mai buga takarda. Uku ɗin nan sun ɗauke rabin wahalar rana.

A shafin farko na ƙyallen, rukunin gogewa yana manne da rukunin amsawa. Hannu mai gaggawa da kibiya mai tsalle, tazarar ba ta da yawa. Outlook ba ya yarda a taɓa cikin rukunan da ya zo da su, amma yana yarda a cire rukuni ɗungurungum a gina sabo. Hanyar ita ce Fichier, Options, Personnaliser le ruban. Ka ƙirƙiri rukuninka, ka zuba abin da kake so, ka tura Supprimer can ƙarshen dama shi kaɗai.

Répondre à tous kuwa, da ni ne, ba zan saka shi a gaba ba. A Nuwamba 2016 wani saƙon gwaji ya kuɓuce a hukumar lafiya ta Ingila ya faɗa akwatunan ma'aikata wajen 840,000. Mutane suka yi ta amsa wa kowa da kowa suna cewa a cire su, har tsarin imel ɗin ya cushe. Namu bai kai haka ba, amma ya fi zafi ta wata fuskar. Takardar da aka aika wa dukan gundumomin jiha, wani ya mayar da amsa da babban fayil a manne, kowane ofis sai ya sauko da shi da kuɗin rezon da ma'aikaci ya saya daga aljihunsa. Wani kuma ƙorafin da ya yi nufin abokinsa ya gani, sai ga shi gaban gwamna. Umarnin yana da ranarsa, shi ya sa ba a kashe shi. A bar shi inda sai mutum ya yi niyya zai kai gare shi.

Watannin 2023

A Yuli 2023 Thunderbird ta fitar da zubi na 115 mai laƙabin Supernova, wanda ya sauya fuskar manhajar fiye da duk wani zubi na shekarun baya. Relever ya bar wurinsa na shekara da shekaru, ya koma ɗan hoton gajimare babu rubutu a saman jerin jakunkuna. A watannin da suka biyo baya sabuntawar ta riƙa shiga kwamfutoci da kanta. A ranar 26 ga wannan watan na Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, a farkon Agusta kuma Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar wajen kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkinta, ta katse layi. Ba a mayar ba sai a Maris 2024, bayan ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkumi. Masu ƙera manhajar ba su da laifi a haɗuwar abubuwan nan biyu, kuma sun bar hanyar mayar da maɓallin a buɗe. Amma ka auna ma'aikacin da yake da wutar awa ɗaya ko batirin da ya rage kwata, ya buɗe akwatinsa ya tarar an kwashe masa alamomin hanya. Wanda ya san Personnaliser, minti biyu ya ishe shi. Wanda bai sani ba sai ya jira mai gyara, mai gyaran kuma ƙila yana Dutsi.

Abin bai tsaya nan ba. Zubi na 128 da ya fito a Yuli 2024 ba ya hawa Windows 7, don haka tsofaffin injuna suka tsaya a 115, sababbi suka wuce gaba. A ofis ɗaya sai ka samu fuska biyu ko uku. Outlook ma yana da sabon zubi da Microsoft yake tura mutane gare shi ta wani ɗan makunni a kusurwar sama. An gina shi ne bisa tsarin shafin intanet, kuma da ya fito aiki babu rezo bai cika a cikinsa ba. Ma'aikacin Arewa ya yi tambaya kafin ya taɓa makunnin nan. Inda injunan ofis suka bambanta, aikin mai gyara shi ne ya sa maɓallai biyar na farko su zama iri ɗaya a kan kowace, jeri ɗaya, domin wanda ya tashi daga wannan teburin ya koma wancan kada hannunsa ya yi tuntuɓe.

Hoto, Faransanci da Hausa

Matasa suna son cire rubutu su bar hotuna zalla, sun ce ya fi tsabta. A kwamfutar mutum ta kansa, ruwansa. A ta ofis ban yarda ba. Hotunan nan ba kowa suke yi wa magana ba. Alamar saƙon shara a Thunderbird harshen wuta ce. Wanda bai saba ba zai zaci ƙonewa ne, ko kuma saƙo mai gaggawa. Alamar ma'ajiya akwatin kwali ne irin na ofisoshin Turai. Alamar adanawa a manhajoji da yawa har yau ɗan faifan nan ne mai kusurwa huɗu wanda yaran yanzu ba su taɓa riƙewa ba. Kalmar Faransanci a gefen hoton, ko ga wanda lakkwal ɗinsa bai yi nisa ba, ta fi hoto tsirara.

A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Fuskar kwamfutocin ofis ba ta sauya da wannan ba, Faransanci ne har yanzu. Sai dai akwai wata ƙofa da mutane ƙalilan suka lura da ita. A cikin Outlook, duk umarnin da ka saka a rukunin da ka gina da kanka, kana iya sake masa suna da Renommer, har ka zaɓar masa hoto. Babu abin da zai hana rukunin ya zama “Aikin yau”, maɓallansa kuma “Karɓo”, “Amsa”, “Tura”, “Buga”. Ba sai an jira wani kamfani ko wata ma'aikata ba. Da la'asar ɗaya an gama. A Thunderbird maɓallan ba sa karɓar sabon suna, amma jakunkuna da alamun launi suna karɓa, har da ƙ da ɗ da ɓ in allon rubutun yana fitar da su. Fassarar manhajar gaba ɗaya kuwa aikin ƴan sa kai ne. Kabilawan Aljeriya sun yi wa harshensu, ana saukar da Thunderbird da Kabilanci. Masu Hausa sun fi su yawa nesa ba kusa ba, kuma ina ganin ɗaliban jami'o'in Dosso da Tawa da Maraɗi za su iya ɗaukar wannan aikin in sun samu mai haɗa su.

Kafin a ja maɓalli ko ɗaya a kwamfutar da jama'a ke amfani da ita, a tara masu taɓa ta a tambaye su. Me kike dannawa kullum, Hajiya? Malam, me ke ba ka wuya? Sau da yawa abin da mai gyara yake gani tarkace ne, shi ne wani dattijo ya shekara goma yana bi. In ana iya buɗe wa kowa nasa asusun shiga Windows, ya fi, domin kowane asusu yana riƙe nasa jeren, ba mai taka na wani. In ba a iya ba, a daidaita a kan tsari ɗaya, a kuma daina taɓa shi. Mai gyaran da kowane mako yake sauya wuraren maɓallai ya maimaita kuskuren Office na 2000 ne da hannunsa.

Sannan a yi tanadin ranar da mai gyara ba ya nan. Ma'aikatan gwamnati canjin wurin aiki ba ya ƙare musu, masu bautar ƙasa wa'adinsu cika yake, kuma a Afrilu 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, ofisoshi da yawa sun ga sababbin fuskoki. Kwamfuta ma takan kamu da cuta a kai ta Dosso a wanke ta, ta dawo fes babu kome. A ɗauki hoton allon bayan an gama jerawa, a buga shi, a saka cikin jakar takardun miƙa aiki tare da rajista da makullai. Masu Outlook suna da ƙarin sauƙi: a ƙasan tagar Personnaliser le ruban akwai Importer/Exporter, wanda yake fitar da tsarin duka cikin ɗan ƙaramin fayil da za a ajiye a kile a ɗora wa kowace kwamfuta. A dai kula, ɗora fayil ɗin yana shafe duk gyaran da ke kan injin da aka ɗora wa, saboda haka a fara fitar da na mai injin a ajiye masa kafin a shigar da sabon.